Hermann Ebbinghaus: Mutumin da ya auna mantuwa da agogo

Akwai wani ɗaci da kusan kowane ɗalibi ya taɓa ɗanɗanawa, mu ma da muke rubuta muku wannan shafi ba mu tsira ba. Jarrabawa saura kwana ɗaya, sai mu kakkaɓo littafin da muka yi wata biyu ba mu leƙa ba, mu kunna fitila, mu hana ido barci har asuba. Gari na wayewa mu ji kai ya cika dam. Amma da an raba takardar tambayoyi, sai rabin karatun ya ce ga garinku nan. Ɗan abin da ya tsaya ma, in aka tambaye mu bayan mako guda, sai susar ƙeya.

Abin da ya fi faɗuwa jarrabawa ciwo shi ne hukuncin da yaro ke yanke wa kansa bayan haka. "Ni kaina ba ya ja." "Ni ba a yi ni don karatu ba." Daga nan sai a koma kujerar baya, a daina ɗaga hannu a aji, wani ma ya ajiye makarantar gaba ɗaya. To, kafin wani ko wata daga cikinku ta yanke wa kanta wannan hukunci, muna so ku ji labarin wani Bajamushe da ya rasu fiye da shekara 100 da ta wuce. Sunansa Hermann Ebbinghaus. Shi ne ya fara zama da agogo da takarda ya auna yadda ɗan Adam ke mantuwa: nawa ke zubewa, da wane irin sauri, kuma me ke rage zubar. A kansa ya yi gwajin, shi mai digirin digirgir, kuma ya tarar ƙwaƙwalwarsa na yoyo kamar ta kowa.

Ɗan attajirin Barmen

An haifi Ebbinghaus ranar 24 ga Janairun 1850 a garin Barmen, wanda yanzu ya zama wani ɓangare na birnin Wuppertal a yammacin Jamus. A lokacin Jamus ba ta dunƙule ta zama ƙasa ɗaya ba tukuna, garin nasu yana ƙarƙashin masarautar Prussia ne. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai hali, don haka kuɗin makaranta bai zame wa yaron matsala ba. Ya yi sakandare a garinsu, yana ɗan shekara 17 ya shiga Jami'ar Bonn da niyyar karanta tarihi da nazarin harsuna. Kamar yadda ɗaliban Jamus suka saba a wancan zamani, bai tsaya a jami'a ɗaya ba, ya ɗan zauna a Halle da Berlin. A hankali zuciyarsa ta karkata zuwa ga falsafa.

A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Prussia da Faransa. Ebbinghaus ya ajiye littafi ya shiga soja. Da ƙura ta lafa ya koma Bonn, a watan Agustan 1873 ya karɓi digirin digirgir a falsafa, yana da shekara 23. Kundin da ya rubuta ya yi nazari ne a kan ra'ayoyin wani masani mai suna Eduard von Hartmann game da abubuwan da ke gudana a zuciyar mutum ba tare da saninsa ba.

Wani da ya samu irin wannan digiri a irin wannan shekaru, sai ya nemi kujera ya miƙe ƙafa. Shi kuwa sai ya shiga duniya. Ya yi 'yan shekaru tsakanin Ingila da Faransa, yana koyarwa a ƙananan makarantu da gidajen masu hali, yana kuma karanta duk abin da ransa ya so.

Tsohon littafin da ya canja masa hanya

A cikin wannan yawo ne ya shiga wani shagon sayar da tsofaffin littattafai, hannunsa ya kai ga wani littafi da Gustav Fechner ya wallafa a 1860. Fechner masanin kimiyyar fiziya ne a birnin Leipzig, kuma abin da ya dame shi shi ne yadda za a auna abin da mutum ke ji a jikinsa. Misali, idan aka ɗora maka nauyi biyu a hannu, sai bambancinsu ya kai nawa kafin ka gane ɗaya ya fi ɗaya? Idan aka ƙara wa fitila haske, ƙarin sai ya kai yaya kafin ido ya lura? Fechner ya maimaita irin waɗannan gwaje-gwaje sau dubbai, ya fito da amsoshi cikin alƙaluma.

Domin mu gane girman wannan abu, sai mun tuna yadda ake kallon ilimin halayyar ɗan Adam a lokacin. Reshe ne kawai na falsafa. Masana sun yi ɗaruruwan shekaru suna muhawara a kan tunani da tunawa da mantuwa, kowa na kawo hujjarsa daga zaune. Babban masanin falsafar nan Immanuel Kant ma ya yi shakkar cewa wannan fanni zai taɓa zama kimiyya sosai, tunda ba a ɗora tunani a sikeli. Hatta Wilhelm Wundt, wanda ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen halayyar ɗan Adam na farko a Leipzig a 1879, ya fi mai da hankali ga gani da ji da saurin mai da martani. A ganinsa manyan ayyukan hankali sun fi ƙarfin ɗakin gwaji.

Ebbinghaus ya karanta Fechner, sai tambaya ta tsaya masa a rai. In har ana iya auna nauyin da hannu ke ji, me zai hana a auna abin da ƙwaƙwalwa ke riƙewa? A 1878 ya koma Jamus, ya samu aikin koyar da Yarima Waldemar, jikan sarkin Jamus, a garin Potsdam. Yariman ya rasu a 1879 sakamakon cutar mashaƙo yana ɗan shekara 11. A wannan tsakani ne Ebbinghaus ya fara aikin da ya sa har yau ake ambaton sunansa. Ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da ubangida a jami'a, ba shi da ɗaliban da zai gwada. Abin da yake da shi ɗaki ne, da agogo, da haƙuri.

Gaɓoɓi 2,300 marasa ma'ana

Matsalar farko da ya ci karo da ita ita ce, me zai haddace? In ya ɗauki waƙa ko labari, wani baiti zai tuna masa da ƙuruciyarsa, wata kalma za ta yi masa daɗi, wata kuma ya sha jin ta. Ka ga awo ya gurɓace ke nan, domin wani sashe zai fi wani sauƙi ba tare da an san dalili ba. Yana bukatar abin hadda da bai taɓa gani ba, mai yawa, kuma wanda wahalarsa ta yi kusan daidai.

Sai ya ƙirƙiro nasa. Ya riƙa ɗauko baƙi, ya sa wasali, ya rufe da wani baƙin, har ya tara gaɓoɓi wajen 2,300. Ku ƙaddara irin su "zob", "gef", "nuj" da "wec". Waɗannan misalanmu ne, shi da sautukan Jamusanci ya yi nasa. Da a ce Bahaushe ne zai yi aikin, da ya sha wuya wajen tacewa, don harshenmu cike yake da irin wannan gini mai ma'ana: kaf, wuf, tak, fes, zur, dam.

Daga cikin tarin sai ya ɗebo wasu ba tare da zaɓe ba, ya jera su. Sannan ya karanta jerin da murya daga farko har ƙarshe, da sauri iri ɗaya, gaɓa biyar cikin kowane sakan biyu. Da farko ya yi amfani da na'urar nan da masu kiɗa ke daidaita bugu da ita, daga baya ya koma bin ƙarar agogon aljihunsa. Haka zai yi ta maimaitawa har sai ya iya kawo jerin da ka, ba kuskure, ba gargada. Sai ya rubuta sau nawa ya karanta da lokacin da ya ci, ya huta sakan 15, ya ɗauko wani jerin. Ya hana kansa yin dabarar danganta gaɓa da wata kalma. Ya daidaita zamansa na yau da kullum, ya riƙa kwatanta gwaje-gwajen da aka yi a lokaci iri ɗaya na yini, don ya lura hadda ta fi yi masa nauyi da yamma a kan hantsi.

Ku tsaya ku auna wannan. Mutum shi kaɗai a ɗaki, yana rera sautukan da ba su nufin komai, yau da gobe, fiye da shekara guda, daga 1879 zuwa 1880. Da ya gama bai yi gaggawar kai littafi maɗaba'a ba. A 1883 da 1884 ya sake yin gwaje-gwajen don ya tabbatar ba dace ba ne. Sai a 1885 ya wallafa ɗan ƙaramin littafinsa mai suna Über das Gedächtnis, wato A Kan Tunawa.

Rangwamen da ƙwaƙwalwa ke yi

Matsala ta biyu ta fi ta farko wuya. Idan bayan kwana biyu ya nemi jerin a kansa ya rasa ko gaɓa ɗaya, shin komai ya goge ke nan? A nan ne basirarsa ta fito fili. Maimakon ya tambayi kansa me ya tuna, sai ya sake haddace jerin daga farko, yana duba agogo.

Bari mu kawo misali. A ce jiya hadda ta ci maka minti 10. Yau ka duba ka ji kamar ba ka taɓa ganin abin ba, amma da ka sake zama sai ya shiga cikin minti 6. Ina minti 4 suka tafi? Ƙwaƙwalwa ce ta yi maka rangwame, kamar yadda mai shago ke yi wa tsohon abokin ciniki. Minti 4 cikin 10 kuwa kashi 40 cikin 100 ne. Wannan rangwame shi ne ma'aunin Ebbinghaus, kuma shi ne shaidar cewa karatun jiya bai tafi a banza ba. Ya bar sawu, ko da mai shi bai gani ba.

Shi da kansa ya ga abin mamaki a kan haka. Ya taɓa haddace wasu baitoci na doguwar waƙar Don Juan ta mawaƙin Ingila, Byron. Bayan shekara 22 ya koma musu, ba ya iya kawo su da ka, amma duk da haka sun ɗan fi sababbin baitoci saurin shiga.

Abin da agogo ya nuna

Don ya gano saurin mantuwa, ya yi gwaji 163. A mafi yawansu yakan haddace jeri 8, kowanne mai gaɓa 13, sannan ya jira wani lokaci ya sake haddace su. Ga rangwamen da ya samu. Bayan kimanin minti 20, kashi 58 cikin 100. Bayan awa ɗaya, kashi 44. Bayan wajen awa 9, kashi 36. Bayan kwana ɗaya, kashi 34. Bayan kwana 2, kashi 28. Bayan kwana 6, kashi 25. Bayan kwana 31, kashi 21.

Ku sake duba alƙaluman nan da kyau. Cikin awa ɗaya tak fiye da rabin wahalar ta dawo. Amma tsakanin kwana 6 da wata guda, abin da ya ragu bai wuce kashi 4 ba. In aka zana su a takardar jadawali, layin zai faɗo kamar daga kan dutse, sannan ya miƙe a hankali kamar hanya a fili. Wannan zane shi ake kira gangaren mantuwa. Darasinsa kuwa shi ne, ɓarnar mantuwa mafi girma tana faruwa ne a sa'o'in farko bayan koyo. Sai dai a kula, waɗannan alƙaluma na lokacin da aka samu rangwame ne, kuma a kan gaɓoɓi marasa ma'ana. Kuskure ne a ce kowa na manta kashi kaza na kowane darasi cikin awa ɗaya.

Ya kuma gano wasu abubuwa uku da suka shafe mu kai tsaye.

Na farko, tsawon abin hadda. Jeri mai gaɓa 7 yakan shige masa da karatu ɗaya. Mai gaɓa 12 sai ya karanta kusan sau 17. Mai 16 sau 30, mai 24 sau 44, mai 36 kuma sau 55. Ka ga daga gaɓa 7 zuwa 12 ƙarin biyar ne kawai, amma aikin ya ninka sau goma sha.

Na biyu, ma'ana. Kowane baiti na waƙar Byron da muka ambata yana da gaɓa wajen 80, amma karatu kamar 8 ya ishe shi haddace shi. Ya ƙiyasta cewa gaɓoɓi 80 marasa ma'ana za su nemi karatu 70 zuwa 80. Wato abin da ka fahimta yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na wahalar abin da ka haɗiye ba ka tauna ba.

Na uku, kuma mafi amfani, rarraba karatu. Ya ɗauki jeri mai gaɓa 12 ya maimaita shi sau 68 a zama ɗaya, ya duba yadda ya zauna washegari. Sai ya tarar maimaici 38 kacal, in aka raba su cikin kwana uku, suna ba da sakamako iri ɗaya. Kusan rabin wahala, riba guda. Hausawa sun riga sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ebbinghaus shi ne ya zo ya faɗi adadin asarar da mai fafewa ranar tafiya ke yi.

Daga Berlin zuwa Breslau

Tun a 1880 ya miƙa sakamakon zagayen farko na aikin ga Jami'ar Berlin, aka ba shi izinin koyarwa. Irin wannan matsayi ba shi da albashi, malami na dogara ne da abin da ɗaliban da suka zo ajinsa suka biya. Bayan fitowar littafin sunansa ya bazu har Amurka, inda babban masani William James ya yaba da juriyar da aikin ya ci. A 1886 aka ɗaga shi zuwa ƙaramin farfesa, ya kuma buɗe ɗakin gwaje-gwaje a Berlin. A 1890 shi da Arthur König suka kafa wata mujalla ta masana, wadda ta ba masu bincike da ba sa cikin almajiran Wundt wurin buga ayyukansu.

Amma hanyar ba ta zo masa a shimfiɗe ba. Ebbinghaus mutum ne mai jinkirin wallafa rubutu, jami'a kuwa da yawan littattafai take auna malami. A 1894 da babbar kujerar farfesa ta samu a Berlin, sai aka tsallake shi aka ɗauko Carl Stumpf. Ya tattara ya koma Jami'ar Breslau, garin da yanzu ake kira Wrocław a ƙasar Poland, inda aka ba shi cikakken matsayin farfesa. A wannan lokaci ne kuma suka yi zazzafar muhawara a rubuce da Wilhelm Dilthey, wani babban masanin falsafa na Berlin da ke ganin ba a fahimtar zuciyar mutum da hanyoyin kimiyyar gwaji. Ebbinghaus ya mai da masa martani a 1896, ya kare hanyar awo da gwaji.

A Breslau ne aikinsa ya shiga aji kai tsaye. Hukumomin garin sun damu da cewa darasin awa biyar a jere yana gajiyar da yara, sai suka kafa kwamiti, shi ma yana ciki. Ya gwada 'yan makaranta ta hanya uku: lissafi cikin sauri, tuna jerin lambobi, da kuma karanta labarin da aka cire wasu kalmomi da gaɓoɓi a ce yaro ya cike. Ya wallafa sakamakon a 1897, inda ya nuna cewa hanya ta uku ta fi sauran rarrabe ɗalibi mai ƙoƙari da mai rauni, domin tana neman a haɗa ma'ana, ba a tuna kawai ba. Alfred Binet na Faransa ya sa irin wannan tambaya a gwajin basirar yara da suka fitar shi da Théodore Simon a 1905. Don haka duk ranar da kuka ga "cike gurbi" a takardar jarrabawa, ku san tambayar tana da tsohon tarihi.

Akwai kuma wani wasan ido da ke ɗauke da sunansa, wanda za ku iya gwadawa yanzu. Ku zana da'ira biyu masu girma ɗaya. Ku kewaye ɗaya da manyan da'irori, ɗayar da ƙanana. Za ku ga ta tsakiyar ƙananan ta fi girma, alhali ma'auni ya ce daidai suke.

A 1902 ya kammala juzu'in farko na babban littafinsa na koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, ya sadaukar da shi ga Fechner, mutumin da tsohon littafinsa ya buɗe masa ido. A 1905 ya koma Jami'ar Halle, a 1908 ya fitar da wani taƙaitaccen littafi da ya samu karɓuwa ƙwarai. Ranar 26 ga Fabrairun 1909 ciwon nimoniya ya yi ajalinsa yana da shekara 59. Ɗansa Julius ya zama sanannen farfesan falsafa. A 1913 aka fassara littafinsa na tunawa zuwa Ingilishi a birnin New York.

Masu suka da masu tabbatarwa

Kimiyya ba ta karɓar magana don girman mai ita, kuma aikin Ebbinghaus bai tsira daga suka ba. Na farko, mutum ɗaya ne aka gwada, kuma shi ne mai gwajin. Wa ya ce kan kowa haka yake? Na biyu, rayuwa ba da "zob" da "gef" ake yin ta ba. Frederic Bartlett na Jami'ar Cambridge ya bi wata hanya dabam a littafinsa na 1932. Ya ba mutane labari su karanta, daga baya ya ce su maimaita, sai ya ga suna sauya shi, suna zubar da abin da ya yi musu baƙo, suna cike gurbi da abin da suka saba. Wato tunawa ba ɗauko ajiya ba ce kawai, akwai sake gini a cikinta. Wannan ɓangare gaɓoɓin Ebbinghaus ba za su iya nuna shi ba.

Duk da haka ginshiƙin aikinsa ya tsaya. A 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach na Jami'ar Cornell a Amurka suka yi amfani da irin gaɓoɓinsa a kan ɗalibai biyu, suka gano cewa wanda ya yi barci bayan hadda ya fi riƙewa a kan wanda ya ci gaba da harkokinsa. A 2015 kuma, shekara 130 bayan littafin, Jaap Murre da Joeri Dros na Jami'ar Amsterdam suka sake gwajin gangaren mantuwa. Mutum ɗaya ya shafe awa 70 yana hadda da sake hadda, layin da ya fito kuma ya yi kama ƙwarai da na Ebbinghaus.

Rabonmu a ciki

To, me ɗalibin da WAEC ko NECO ke jira zai ɗauka daga nan? Wanda ya yi makarantar allo a cikinmu ba baƙo ba ne ga wani sashe na amsar, don ya san ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma bayan an yi gaba ana komowa baya a yi tilawar abin da ya wuce. Abin da ya rage shi ne mu kai wannan ɗabi'a kan Kimiyya da Tarihi da Lissafi. Ga shawararmu, bisa abin da binciken ya nuna.

Ku duba darasi a ranar da aka koyar da shi, ko na minti goma ne, tun kafin gangaren ya yi nisa. Ku sake dubawa washegari, sannan bayan 'yan kwanaki, sannan bayan mako biyu ko uku. Awa uku da aka raba cikin kwana uku ta fi awa uku a dare ɗaya. Ku gutsuttsura dogon babi zuwa ƙananan sassa. Kada ku haddace abin da ba ku gane ba, ku tambayi malam ko abokin karatu tukuna, in ba haka ba kun mai da darasin "zob, gef, nuj" da hannunku. In kun karanta, ku rufe littafin ku gwada kawowa da ka, kamar yadda shi ma yake yi. Wani bincike da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka wallafa a 2006 ya nuna cewa ɗaliban da suka gwada kansu sun fi waɗanda suka yi ta sake karantawa tunawa bayan mako guda. Sannan ku ba ido haƙƙinsa, barci ma wani ɓangare ne na karatu.

Wanda ke son gani da idonsa, ga aikin gida. Ka ƙirƙiri gaɓoɓi 12 marasa ma'ana, ka rubuta su a jere. Ka sa ƙanenka ko ƙawarki ta riƙe agogo, a duba minti nawa za su ci kafin a kawo su da ka ba kuskure. A ɓoye takardar. Gobe war haka a sake haddacewa, a sake duba agogo. A debe lokacin na biyu daga na farko, a raba da na farko, a ninka da 100. Abin da ya fito shi ne rangwamen da ƙwaƙwalwarka ta yi maka. In 'yan aji goma suka yi suka haɗa sakamakonsu, sun riga sun gyara ɗaya daga cikin raunin aikin Ebbinghaus, tunda shi mutum ɗaya ya gwada.

Muna da yaƙinin da yawa daga cikin masu cewa kansu ba ya ja za su yi mamakin lambar da za su gani. Mantuwa ba alamar daƙiƙanci ba ce, farfesan da ya auna ta ma cikin awa ɗaya fiye da rabin wahalarsa ke dawowa. Bambancinsa da mu a daren jarrabawa shi ne, shi ya san lokacin da ya kamata a koma wa karatu. Darasin da aka yi muku yau da safe yana kan gangara a daidai wannan lokaci. Ku ajiye jaridar nan, ku ɗauko littafin.